Gilashin ƙofa yana kwarzanewa: shawarwari daga zauren direbobin layin Gumel

Habu mai Golf: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da dare. Gilashin ƙofar direba na Golf ɗina ya fara zane, layi uku a tsaye daga sama har ƙasa. Duk sanda na sauke shi sai na ji ƙiii, kamar ana jan ƙusa a kan kwano. Da yamma in na taso daga kasuwar Maigatari rana ta bugi wurin, da ƙyar nake ganin madubin gefe. Sabon gilashi zan saya, ko akwai yadda ake goge shi?

Baba Ilu: Wa'alaikumus salam. Habu, kar ka sayi komai tukuna. Zane a tsaye, ɗaya kusa da ɗaya, ba ciwon gilashi ba ne, aikin robar bakin ƙofa ne, wadda gilashin ke bi ta tsakaninta. Ka sa sabo yau ba ka taɓa robar ba, kafin hunturu ya wuce ya koma haka.

Habu mai Golf: To Baba, roba ai taushi gare ta, yaya za ta yanki gilashi?

Malam Ado, Ringim: Bari in sa baki, tunda kimiyya nake koyarwa. Robar tana ɗauke da wani lallausan gashi kamar karan-miski a gefen da ke shafar gilashi. In ta tsufa gashin ya zube, ta bushe ta tsattsage, sai rairayi ya shige ya zauna. Akwai ma'aunin taurin duwatsu na wani Bajamushe, Mohs, daga 1 zuwa 10. Gilashi yana wajen 5 da rabi, ƙwayar rairayi kuwa 7 take. Wanda ya fi tauri shi ke yankar ɗan'uwansa. Mu kuma ga inda Allah ya ajiye mu, sunan jihar ma daga jigawar rairayi ya samo asali. Ƙwaya ɗaya in ta maƙale, duk ɗagawa da saukewa sai ta bi layi guda, shi ya sa zanen ke fitowa a miƙe.

Oga Sale fanel bita: Malam ya faɗi rabi, ga sauran daga gareji. A cikin robar nan akwai siririn ƙarfe da ke riƙe ta. Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta, yawancin waɗanda muke lodi da su robarsu ta doshi shekara 30. In robar ta cinye, ƙarfen ya leƙo ya yi tsatsa, ƙarar da kake ji ke nan. Sauke gilashin gaba ɗaya, ka haska da fitilar waya, ka bi bakin robar da yatsa a hankali, ta waje da ta ciki. Sannan ka riƙe gilashin ka girgiza. In yana lilo, injin da ke ɗaga shi ya saki ko hanyarsa ta karkace, yana kwantar da shi a kan roba ɗaya.

Ɗan Autan Tasha: Yaya Habu, zuba masa baƙin mai kawai, ni haka nake yi, ƙarar ta ɗauke nan take.

Oga Sale fanel bita: Auta, don Allah ka daina, kuma kar ka koya wa wani. Baƙin mai da giris suna kumbura irin wannan roba su lalata ta, sannan su kama ƙura. Ƙarar ta ɗauke kwana biyu, amma ka haɗa mai da rairayi, ka yi wa gilashinka samfefa da hannunka. Masu shafa man birki kuma, in ya ɗiga a jikin ƙofa fenti yake ci. Na sha karɓar irin wannan gyara, kuma yana ɓata mini rai, don asara ce da mutum bai kamata ya yi ba.

Ɗan Autan Tasha: Na ji Oga, Allah ya huci zuciyarka. To me za a sa?

Oga Sale fanel bita: Wanki ne farko. Tsohon buroshin haƙori, ruwa da ɗan sabulu. Sauke gilashi, ka goge bakin robar da kwararon gefe da na sama, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka naɗe jiƙaƙƙen tsumma a tsinke ka bi ciki har sai ya daina fitowa da ja. Ruwan da ya gangara ciki yana fita ta ƙananan ramuka a ƙasan ƙofa, ka duba kar laka ta toshe su. In motarka mai madannan ɗaga gilashi ce, ka kiyaye kar ruwa ya taɓa madannan. Bayan ya bushe sai ka fesa silikon na gwangwani a tsumma ka shafa kaɗan, ba ka yi masa wanka ba.

Baba Ilu: In ƙara ɗaya. Shekaruna a kan hanya sun koya mini cewa da safe a hunturu ba a sauke gilashi da ƙurarsa. Watsa masa ruwa ko da buta ɗaya ce. Yaran tasha masu goge gilashi da busasshen tsumman da ya kwana a ƙasa, ku hana su da lallami. Nasu zanen a zagaye yake fitowa, da haka za ka bambance shi da na roba.

Habu mai Golf: Allah ya ƙara girma Baba. To zanen da ya riga ya yi fa? An ce man goge baki yana cire shi.

Malam Ado, Ringim: Man goge baki datti da tabon ruwa yake ɗaukewa, shi ya sa mutum ke ganin kamar ya yi aiki. Gwada wannan tukuna: wanke gilashin, ka ja farcenka ka ƙetare zanen. Wani lokacin ma baƙin roba ne ya manne, ya fita da wanki. In farce ya wuce sumul, akwai hodar da masu gilashi ke gogewa da ita, siriyom oksayid. Ana dama ta da ruwa kamar koko, a sa a faifan ulu a bakin injin huda, a bi a hankali, ana yayyafa ruwa, ba a tsayawa wuri ɗaya. In gilashin ya yi zafin da ba ka iya ɗora tafin hannu, dakata. In kuwa farce ya maƙale, zanen ya yi zurfi. Goge shi sai an ci gilashi da yawa, wurin ya yi kwari, mota mai zuwa a madubi ka gan ta tana lanƙwashewa. A ƙofar direba ban yarda da wannan ba ko kaɗan.

Alhaji mai Sharon, Ɓaɓura: Ni nawa ashe ba gilashin ba ne, baƙar ledar da aka manna ta ciki ce ta karce. Aka ɓare ta, gilashi lafiya lau. Kowa ya fara tantance zanen ta ciki yake ko ta waje.

Oga Sale fanel bita: Haka ne Alhaji. Habu, in ya kama sai canji, ga abin da nake roƙonka. Kar ka yarda wani ya yanko maka gilashin taga na gida ya sa a ƙofa don araha. Na ƙofar mota gasasshe ne, ba ya yankuwa bayan an gasa shi, in ya fashe dagargajewa yake kamar tsakuwa. Na gida kuwa tsinkewa yake kamar wuƙa, ga fasinja a jingine. Duba tambarin kamfani a kusurwarsa. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano da tsohuwar robar a hannunka a gwada tsawo, don ta gaba da ta baya ba ɗaya ba ce, ta hagu da ta dama ma haka. In ta Beljiyam ce, lanƙwasa ta kaɗan ka gani, in ta nuna tsaga ko gashin ya zube, ajiye musu. Gilashin kuma ɗaga shi a rana kafin ka biya, da yawa da zanensu suke zuwa.

Habu mai Golf: Jama'a, na fita da fitila na duba yanzu. Ƙarfen ya leƙo a robar waje, daidai inda layi biyu suke, kuma farce yana maƙalewa a cikinsu. Na ukun farce na wucewa.

Baba Ilu: To ka bar gilashin a sama, kar ka ƙara sauke shi sai an cire robar nan.

Habu mai Golf: In sha Allahu Baba. Asabar ina da lodin Kano, zan biya Ƙofar Ruwa. Oga Sale, da safe zan kawo ka cire mini ita in tafi da ita.

Oga Sale fanel bita: Ka zo kafin ƙarfe 8. Maƙalanta sun bushe, sai an bi su a hankali kar su karye.

Ɗan Autan Tasha: Yaya Habu, in ka samu mai kyau ka haɗo mini ta ƙofar baya ta dama, da gwangwanin silikon ɗaya. Zan ba ka kuɗin a tasha gobe.