Neman sunan Hausa ga kifin fluke kafin shirin ranar Alhamis

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara rahoton rediyo kan masunta na gaɓar tekun Atilantika a Amurka, kuma ranar Alhamis za a watsa shi. Kifin da suke kira fluke ne ya tsayar da ni. Mai faɗi ne kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefen hagu, yana lafewa a yashin ƙasan teku yana sauya launi har ƙaramin kifi ya gifta ya cafke shi. Saboda haka masunta ba sa kafe kwale-kwale wuri guda: sukan bar iska da ruwa su ja shi a hankali, dalmar da ke jikin zaren tana taɓa ƙasa, ƙugiya na biye da ita ɗauke da ƙaramin kifi ko siririn yankan nama mai kaɗawa. Ina neman sunan kifin, da na wannan haɗin na dalma, zare da ƙugiya.

Wata malamar makaranta: Wa alaikumus salam. Ko karfasar teku za ta yi?

Basarke daga Yawuri: Malama, karfasa a tsaye take iyo, ido ɗaya a kowane gefe, masunci zai ji an faɗi ba daidai ba. Haɗin kuwa fatsa ce. A ce fatsa mai dalma, kada a ce mamari, domin mamari ƙugiyoyi ne masu yawa a doguwar igiya.

Malamin jami'a: Ni na ba da "lafau", daga lafewa, a sigar "mantau" da "makarau". Suna ne da ya ɗauki halin kifin gaba ɗaya.

Wani ɗan jarida: Ranka ya daɗe, mai sauraro bai taɓa jin lafau ba. A ce fuluk, a bi shi da bayani.

Malamin jami'a: Wannan saurin aro shi ne yake raunana harshen nan. Kuma a Turancin ma kalmar fluke tana kuma nufin tsutsar da ke cin hantar shanu, to me za mu ara a ciki? Sai kalma ta fito daga waje ne take samun daraja a gidan rediyo?

Ɗan jarida: Kwamfuta da intanet aro ne, kuma da su muke wannan muhawarar.

Basarke: Ku yi haƙuri, akwai abin da aka tsallake. Masuntan fluke suna kuma amfani da dalma mai ƙugiya a jiki wadda aka ɗaura wa gashin wutsiyar barewa, ana ɗaga ta ana saki domin ta yi kama da kifi mai rai. Wannan ma tana bukatar suna.

Mai fassara: Na gode. Zan ce "kifin fluke, mai lafewa a ƙasan teku" a karon farko, sannan fatsa mai dalma, da dalma mai gashi. Rahoton ya ambaci wani fluke da aka kama a Montauk, wani gari a jihar New York, a 1975 mai nauyin kilo 10, a nan zan gwada lafau sau ɗaya.

Malamin jami'a: Sau ɗaya bai isa ya kafa kalma ba, amma na amince. Sai dai a furta shi da kyau.