Taƙaitawar Shawarwari Kan Horar da Mabiya Tare da Shugabanni

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan ko ya kamata ma'aikatu su riƙa horar da mabiya, wato masu aiki ƙarƙashin wani, tare da shugabanni.

1. Kusan kowa ya yarda cewa ma'aikatu suna kashe kuɗi wajen tura manya bitar shugabanci, suna mantawa da na ƙasa, alhali ko darakta ma yana da wanda yake ce wa ranka ya daɗe.

2. An yi ittifaƙi cewa kyakkyawar biyayya ba ita ce zama ɗan amshin shata ba, kuma nan aka fi daɗewa. Misalin da ya fi ratsa ni shi ne hatsarin da ya faru a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya a 1977, inda jiragen sama biyu suka yi karo a titin tashi, mutum 583 suka mutu. Injiniyan ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin KLM na ƙasar Holan, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, shi kuwa bai sake tankawa ba. Irin wannan ne ya sa kamfanonin jirage suka fara koya wa mataimaka yadda za su ja hankalin kyaftin, shi kuma yadda zai saurara.

3. Ra'ayi ya rabu kan haɗa manya da ƙanana a aji ɗaya. Wasu sun ce haka ya fi, wasu kuma suka ce ƙaramin ma'aikaci ba zai buɗe baki gaban mai sa hannu a takardar ƙarin girmansa ba. Ni dai na fi karkata ga a fara raba su, sannan a haɗa.