Filta ba ta ƙetarawa zuwa sauran tebura a Power BI, ina mafita?

Akawun Kwari: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa wani mai shagunan atamfa a Kano, Kaduna da Zariya rahoton ciniki a Power BI, manhajar Microsoft ta haɗa rahoto daga bayanai. Tebura huɗu ne: Shaguna, Kaya, Ciniki da Sito. In na zaɓi shagon Kaduna, kuɗin ciniki na canzawa daidai, amma jerin kaya ko gezau, har wanda ba a taɓa sayarwa a can ba yana fitowa. Teburin Sito ma haka. Ku taimaka.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Malam, buɗe shafin alaƙar tebura ka dubi kan kibiyoyin. Filta, wato zaɓin da ke tace bayanai, tana gangarowa ne kamar ruwa, daga teburin da lamba ke fitowa sau ɗaya zuwa wanda take maimaituwa a ciki. Daga Shaguna ta sauko Ciniki, amma ba za ta hau Kaya ba. Mayar da alaƙar Kaya da Ciniki daga Single (hanya ɗaya) zuwa Both (hanya biyu), nan take za ka ga canji.

Maman Biyu: Ƙanena, yau zai yi aiki, amma ban ba shi shawarar haka ba. Yana da teburin Sito, kuma shi ma dole ya haɗu da Kaya da Shaguna. Da zarar ka buɗe hanya biyu, filta ta samu fiye da hanya ɗaya ta isa wuri guda. Ko dai Power BI ya ƙi kunna wata alaƙar, ko adadi ya fito ba ka san ta ina ya biyo ba. Ga nauyin buɗewa in layuka sun yi yawa. Microsoft da kansu suna cewa a taƙaita amfani da ita. In jerin kaya kaɗai ne damuwar, ɗauko ma'aunin (measure) jimillar ciniki ka sa shi a filtar silaisar kaya, wato akwatin da ake zaɓar kaya a ciki, ka ce ya nuna inda ba fanko ba kawai. Shi ke nan, ba ka taɓa alaƙa ba.

Injiniya: Hajiya ta faɗi gaskiya. In kuma lissafi ɗaya ne ke buƙatar hanya biyu, misali nau'in kaya nawa aka sayar a Kaduna, sa umarnin CROSSFILTER a cikin umarnin CALCULATE wurin rubuta ma'aunin. Hanyar za ta buɗe a wannan ma'aunin kaɗai.

Akawun Kwari: Na gode, jerin kaya ya gyaru. Saura Sito. Na haɗa shi ne kai tsaye da Ciniki ta lambar kaya.

Maman Biyu: To nan matsalar take. Warware wannan haɗin, lambar tana maimaituwa a ɓangarorin biyu. Ja Sito zuwa Kaya, ka sake jan shi zuwa Shaguna, yadda ka yi wa Ciniki. Silaisa kuma daga teburin Shaguna za ka ɗauko ta, ba daga Ciniki ba.

Malamin Kwamfuta: Ka duba rubutun sunayen ma. In wani tebur ya ce Zariya, wani Zaria, ba za su haɗu ba, sai ka ga layin fanko. Ka ba kowane shago lamba, ka haɗa da ita.

Akawun Kwari: Akwai Zaria kuwa a Sito. Na gyara, yanzu duka tebura suna bin shagon da na zaɓa. Allah Ya saka da alheri.