perf na nuna min lambobi maimakon sunayen ayyukan kanel

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da sabar wata cibiyar gwajin jarrabawa ta kwamfuta a nan Gombe, Ubuntu ce a kanta. Da zarar yara sun cika ɗaki sai ta fara jan ƙafa, kuma top, manhajar da ke nuna abin da ke cin ƙarfin na'ura, na nuna yawancin lokacin a cikin kanel, wato zuciyar Linux, yake tafiya. Sai na ɗauko perf, manhajar da ke ɗaukar samfurin inda lokaci ke tafiya. Na saukar da perf_event_paranoid, saitin da ke iyakance wanda zai iya amfani da perf, zuwa -1, na yi `perf record -a -g` da asusuna na yau da kullum. Da na buɗe `perf report`, ɓangaren manhajarmu ya fito da sunaye, amma na kanel lambobi ne zalla, wasu sun fara da ffffffff9, wasu da ffffffffc0. Kafin in bincika aka ɗauke wuta, sabar ta mutu. Bayan an tada janareta na duba /proc/kallsyms, jerin sunayen ayyukan kanel da adireshinsu, da sudo, wato da izinin babban asusu root, lambobin ba su yi daidai da komai ba. Yaya zan gane wane aiki ne ke cinye lokacin? Yaran nan kuɗin iyayensu suka biya, ba na son su zauna suna kallon allo.

Injiniya daga Wunti:
Wa alaikumus salam ƙanina. Abu biyu ne suka haɗu maka. Ubuntu na zuwa da kptr_restrict, saitin ɓoye adireshin kanel, a kan 1, wato wanda ba shi da izinin root, sifili kawai zai gani a /proc/kallsyms. Kai ka buɗe wa perf ƙofar ɗaukar samfuri, amma littafin sunayen yana kulle. Furosesa, wato CPU, adireshi kawai take miƙawa, perf ne ke zuwa ya nemo sunan da ya dace da shi.

Na biyun shi ne KASLR, tsarin sauya wa kanel mazauni a ƙwaƙwalwar na'ura. Ya shiga Linux a 3.14 cikin 2014, daga 4.12 kuma a kunne yake zuwa a x86. Da, kanel a ffffffff81000000 yake farawa kullum. Yanzu duk kunnawa sai ya sauya mazauni, don masu kutse su rasa inda za su nufa. perf kan rubuta inda kanel ya fara a cikin perf.data domin ya gyara lissafin daga baya, to amma ranar nan sifili ya gani. Sake ɗauka da sudo, ka kuma ajiye kwafi nan take:

`sudo cat /proc/kallsyms > sunaye.txt`

Ko wuta ta tafi, `perf report --kallsyms=sunaye.txt` zai karanta maka. Kuma don Allah kada ka mayar da kptr_restrict zuwa 0 a na'urar da ɗalibai ke shiga, wancan -1 ɗin ma ka mayar da shi yadda yake.

Malama Tudun Wada:
Injiniya ya gama magana a kan gyaran. Ni dai ban yarda tsohon fayil ɗin ya zama shara gaba ɗaya ba. Gocewar KASLR ninkin megabait 2 ce aƙalla, saboda haka haruffa biyar na ƙarshen adireshi ba sa canzawa, kuma mazaunan da kanel zai iya faɗawa ba su wuce 512 ba. Ƙaramin rubutun Python zai gwada su, ka ga wanne ne ya jefa adireshoshin da suka fi zafi cikin ayyuka masu ma'ana. Amma wannan na ffffffff9 ne kaɗai. Masu ffffffffc0 na modul ne, wato sassan da ake loda wa kanel daban, irin direban katin sadarwa, su kuwa wurinsu ya danganta da jerin yadda aka loda su, dabarar ba za ta kama ba. In yara za su dawo gobe, sabon ɗauka ya fi sauƙi.

Abin da na fi so ka kiyaye: in ka kai ga neman ainihin layin da ke cin lokaci, sai ka sauke vmlinux, wato fayil ɗin kanel ɗin kansa, mai bayanan gyara, fakitin da sunansa ya ƙare da dbgsym, na daidai sigar `uname -r` ɗinka. Sannan ka ɗauka da `-e cycles:pp`, domin samfurin kan zame ya sauka gaba kaɗan da umarnin da ya jawo shi. Intel na rage zamewar da fasahar cikin furosesa mai suna PEBS, AMD da tata mai suna IBS.

Ɗan Jekadafari:
Allah ya saka da alheri Yaya, Malama na gode. Na sake ɗauka da sudo a zaman safe, sunaye sun fito. Na sama shi ne native_queued_spin_lock_slowpath, inda ayyuka ke jiran a saki kulle, kuma da na buɗe jerin masu kiransa, ta ext4, tsarin ajiye fayiloli a faifai, yawanci suka biyo. Ina zargin fayil ɗin da manhajarmu ke rubuta amsar kowane ɗalibi a ciki. Zan sauke dbgsym ɗin da dare in an tashi, in kawo muku abin da `perf annotate` ya nuna.