Shin benaye ne suka cinye ƙwallon unguwa a Ankara, babban birnin Ghana?

Koci Awudu, Nima: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Dogayen benayen nan da ke ta tsirowa a Ankara su ne suka kashe ƙananan kulob. Jiya bayan la'asar na tara yarana, muka iske an jibge yashi da bulo a filin da muka yi shekara tara muna atisaye. Mai gadi ya ce an sayar, hawa goma za a ɗora. Muka kwashi ƙwallaye muka gangara filin Kawukudi. Can ma kulob uku ke raba fili ɗaya, mu muka zama na huɗu a bayan raga, muna shan ƙurar wasu.

Sule Dillali: Wa alaikumus salam. Koci, Allah ya huci zuciyarka, amma ka ɗora wa benaye laifin da ba nasu ba. Harkar fili sana'ata ce. Alto na Villaggio mai hawa 27, can wajen Tetteh Quarshie, filin wane kulob ya danne? Na Airport City fa? Tun 1965 Nkrumah ya gina dogon benen gwamnati na Job 600, bai hana Hearts ɗaukar kofin zakarun Afirka a 2000 ba. Abin da ya ci filayenmu na zango kwantena ne, da kiyos, da tashar motocin haya na turoturo, da rumfar biki. Mu da hannunmu.

Koci Awudu: Sule, kai da ake ba la'ada ai dole ka kare su.

Sule Dillali: La'adar da nake sayen rigunan yaranka da ita duk sallah? To madalla.

Malam Tanko, Aboabo, Kumasi: Ku yi haƙuri in shigo. Mu a Kumasi ina benayen suke? Ba mu da irin na Ridge. Amma King Faisal ta Alhaji Grusah ta faɗi daga Firimiya a 2023, a shekarar da ta kai wasan ƙarshe na kofin FA, Dreams ta doke ta. Wane bene ya kayar da ita? Ku zo filin wasa na Baba Yara lokacin Intako, gasar makarantun sakandare, ku ga ikon Allah. Yaran Prempeh a gefe, na Opoku Ware a gefe, na T.I. Amass na ta kiɗa da waƙa tun safe, tsofaffin ɗalibai masu furfura sun rufe shaguna sun zo. A garin nan kuma za a buga wasan Dibishan Wan, rukunin da ke ƙasa da Firimiya, ka ƙirga 'yan kallo da yatsa. Jama'a ba su daina son wasa ba, suna zuwa inda suke jin nasu ne. Wanda ya yi Prempeh, ɗan Prempeh ne har kabari, makarantar tana nan tun 1949. Kulob ɗin unguwa kuwa yau yana nan, gobe mai shi ya gaji ya sayar, a canja masa suna a kai shi wani gari.

Ibro ɗan Legon: Malam ya yi gaskiya. Ko a jami'a, in 'yan ɗakunan kwanan ɗalibai na Katanga da Conti suka haɗu a KNUST ta Kumasi, ko an ce 'yan ɗakin kwana na Commonwealth sun fito da jajayen kaya a nan Legon, ba ka buƙatar talla.

Koci Awudu: Ibro, ihu daban, ƙwallo daban. Kawo mini ɗan wasa ɗaya da Katanga ta ba Black Stars.

Ibro ɗan Legon: Ban ce jami'a ba, Koci. Amma Asamoah Gyan ai Accra Academy ya yi. Essien kuma St. Augustine's ta Cape Coast.

Koci Awudu: Yawwa, ka kawo kanka. Daga makaranta ina suka je? Liberty Professionals ta Dansoman, su biyun duka, har da Sulley Muntari. Ina Liberty yau? Ta faɗi tun 2021. Great Olympics da aka kafa a 1954 ta bi ta a 2024. Makaranta tana riƙe yaro shekara uku, gasar ma ta 'yan kwanaki ce a shekara. Mu ne muke tare da shi kullum, da rana da damina. Kudus ɗanmu ne na Nima, a Strong Tower ya fara, a kan sakora, filin da ba ciyawa, kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi, ya wuce Nordsjaelland, Ajax, West Ham, har Tottenham. Fatawu Issahaku yana Steadfast ta Tamale, a Dibishan Wan, aka zaɓe shi gwarzon gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2021. Nania ta Abedi Pele tana ƙaramin rukuni ta doke Kotoko ta Kumasi ta ɗauki kofin FA a 2011. Malam Tanko, ka yi haƙuri da na tuna maka.

Malam Tanko: Ka tono tsohon miki, Allah ya isa. Amma duk wannan bai nuna laifin bene ba.

Hajiya mai wake da shinkafa: Ni ban san Dibishan ba, ban san hawa nawa ba. Ɗana na wasa a wani ƙaramin kulob. Ranar da za su je Volta, ni na ba shi kuɗin mota, na ƙulla masa abinci a ganye, da dafaffen ƙwai biyu. Ya dawo tsakar dare da gwiwa a kumbure, ni na gasa masa da ruwan zafi, ni na kai shi wajen mai ɗori. Wata huɗu ba a ba shi ko sidi ɗaya ba. Takalminsa sau uku ana ɗinke shi. Yanzu ya ce zai bi ƙanin babansa aikin gini a Airport, can aƙalla ana sallama duk Asabar. To Koci, in ka ce bene ya ɗauke maka yara, ta wannan hanyar ya ɗauke nawa.

Koci Awudu: Hajiya, wallahi ba ni da bakin magana. Allah ya ba shi lafiya.

Sule Dillali: Kun ji ko? Benen ma abinci yake bayarwa.

Baba Alhaji, Sabon Zango: Sule, dakata yaro. Na bar ku kun yi ta yi ne. Kai dillali ne, ka fi kowa sanin cewa bene ba sai ya tsaya a kan fili yake cin sa ba. Nima da Mamobi suna tsakanin Kanda, Roman Ridge da Airport. Duk sanda aka ɗaga gini ɗaya a can, aka sa haya da dala, kuɗin ƙasa na nan sai ya tashi. Magada su dubi filin da kakansu ya bar wa yara suna wasa, su ga kuɗi kwance a ƙura. Wa zai ga laifinsu? Da can baki ɗaya ne, mai unguwa ya ce ku yi wasa a nan, shi ke nan, ba takarda. Ranar da mai takarda ya zo, ba ka da ta cewa. Makarantun da Malam ke yabo, abin da ya tsare su ke nan: filinsu na cikin katanga, da takarda, da tsofaffin ɗalibai masu faɗa a ji. Ka taɓa filin makarantar Achimota ka ga yadda za a kwashe da kai.

Zancen 'yan kallo kuma, Malam, akwai abin da ba ku ambata ba. 9 ga Mayu 2001, Hearts da Kotoko, sama da mutum 120 suka rasu a filin wasa na Ankara, da yawansu 'ya'yanmu ne na zango. Ni na yi sallar gawa a kan wasu. Akwai gidajen da daga ranar uwa ta ce ba mai sake zuwa kallon ƙwallo. Sai ga talabijin ya kawo na Ingila har ƙofar gida. Allah ya jiƙansu.

Malam Tanko: Amin, Baba. Allah ya ƙara girma.

Sule Dillali: Amin. Baba, na yarda da batun tsada. Amma a gaya wa masu kulob gaskiya su ma. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa, a raba wa waɗanda suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Wanda bai yi wa yaro rajista ba, da me zai nema? Mu sai dai hoto da yaro a filin jirgi.

Koci Awudu: Nawa duk suna da kati. Fili ne ba ni da shi. Kulob 48 ke Dibishan Wan, shiyya uku, uku kacal ke hawa a shekara, mu da ke ƙasa da su ma ba a maganarmu. Ta ina zan hau ina atisaye a bayan ragar wani?

Ibro ɗan Legon: To me zai hana a haɗa? Makarantu na da fili, ku kuna da yara. Bayan an tashi, filin zaman banza yake yi.

Koci Awudu: Na gwada a wata makaranta bara. Aka ce in kawo wasiƙa, na kawo. Aka ce sai shugaban iyayen yara ya sa hannu. Da na koma, an ba masu zaman makoki hayar filin duk Asabar har ƙarshen shekara, sun kafa rumfuna ja da baƙi tun daga raga zuwa raga.

Malam Tanko: Ka ga wannan kuma ba bene ba ne.

Koci Awudu: Malam, har yanzu 2011 ce ke cin ka.

Baba Alhaji: Awudu, ka same ni bayan sallar Juma'a da wasiƙar nan. Shugaban wata makaranta a wajen Kotobabi surukina ne. Ban yi alkawari ba. Sule, kai za ka kai mu a motarka.

Sule Dillali: To Baba. Amma man fetur na Koci ne.