Wai sai inda gari ke haɓaka ake fara sana'ar gina gidaje?

Dillali: Assalamu alaikum jama'a. Ni fa maganata ɗaya ce, duk wanda zai shiga harkar gina gidaje yana sayarwa to ya tattara ya nufi garin da jama'a ke kwarara, ko bai san kowa a can ba. Inda mutane suke nan kuɗi suke. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta yi hasashen zuwa 2050 kusan kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya a birane za su zauna, to wa zai gina musu wurin kwana? Ka maƙale a inda aka san ka don kawai an san ka, wannan tsoro ne ba dabara ba.

Sabon shiga: Wa alaikumus salam. Oga wallahi kamar ka san abin da ke damuna, ɗan jarin da na tara nake son sawa kuma na kasa tsai da magana. Ina sauraren manya.

Injiniya: Malam dillali ban yarda ba. Yawan jama'a daban, masu iya biyan kuɗin gida daban. Gari zai iya cika maƙil amma mafi yawansu ɗaki ɗaya na haya suke nema, kai kuma ka je ka danƙara gida mai falo biyu kana jiran mai saye. Ka duba abin da ya faru a Amurka a 2008, garuruwan da aka fi rububin gini irin su Las Vegas da Phoenix suna cikin waɗanda farashin gidaje ya fi faɗuwa warwas. A Ireland ma unguwanni guda aka bari ba kowa ciki, wasu ko rufi ba a yi musu ba.

Dillali: Haba injiniya, ai wancan bashin banki ne ya kashe su ba wurin ba. An riƙa ba mutanen da ba za su iya biya ba bashi, dole abin ya fashe. Kar ka ɗora wa gari laifin banki.

Injiniya: Bashin ne, amma me ya sa ya fi yi wa waɗancan wuraren illa? Saboda kowa ya ji labari ɗaya da kai, kowa ya ruga can, aka gina fiye da buƙata. Kuma kafin labarin haɓakar gari ya iso kunnenka tuni manyan kamfanoni sun saye filayen kirki tun suna araha, kai da tsada za ka saya, su suna sayen siminti da rodi tirela tirela da ragi kai kana saye buhu buhu, ta ina za ka yi gogayya da su a farashi? Ko girman ma ba ya hana faɗuwa, Evergrande, katafaren kamfanin gina gidaje na China, ya kasa biyan bashinsa a 2021 duk da girmansa.

Tsohon birkila: Yarana ku bar zancen ƙasashen waje tukuna ku zo nan kan fili. Gini ba ya son nisa da mai shi. Duk wurin da ba za ka iya leƙawa da safe ka dawo da yamma ba, to ba wurin farawa ba ne. Kun san me ke faruwa ranar zuba dakin, wato rufin kankare, idan mai ginin ba ya nan? Za a ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi saukin ɗauka a kwano, za a rage buhu ɗaya nan ɗaya can, rodin da aka ce a jera kusa da kusa sai a buɗa tsakaninsu, ragowar ya bi ta bayan katanga. Da an zuba kankare ya rufe shi kenan, ba mai gani sai ranar da tsaga ta fito. Sannan kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, to wane lebura ne zai tashi da sassafe ya yi ta watsa ruwa alhali ya san kana can wata uwa duniya? Hoto zai turo maka a waya na gefen da ya jiƙa.

Dillali: Baba ai shi ya sa ake ɗaukar mai kula da aiki a biya shi.

Tsohon birkila: A garin da ba ka san kowa ba? Wa zai nuna maka na kirki ɗana? Mai kula da aikin ma sai an kula da shi.

Hajiya mai gidaje: Baba ya faɗi gaskiya, ni kuma bari in ƙara da takardu don nan ne jari ke narkewa ba a ji ba a gani. Kowane wuri da tsarinsa na mallakar fili da izinin gini, wani wurin cikin makonni ka samu amincewar zane, wani wurin ka yi watanni kana sintiri, kuma duk wannan lokacin kuɗinka na kwance a ƙasa, idan bashi ka ci yana ta hauhawa. Baƙo kuma shi ake sayar wa filin gado da magada ba su gama rabawa ba, ko filin da aka riga aka sayar wa mutum biyu. Ɗan gari ya san wane layi ne ruwa ke kwanciya da damina, kai ka zo da rani ka ga wuri fes ka biya.

Dillali: Hajiya da girmanki, amma idan kowa ya bi wannan ai ba wanda zai taɓa faɗaɗa sana'a. Kuma idan garin mutum ya mutu fa, matasa na barinsa, gidajen da ke akwai ma ba masu haya? Ya zauna yana gina wa wa?

Hajiya mai gidaje: A nan kam kana da gaskiya, ba na ce a gina a inda ba mai saye ba. Amma faɗaɗawa ai bayan an kafu ne, shi wannan bawan Allah farawa zai yi da jari ɗaya tilo.

Injiniya: Wani abu kuma da ba a cika sa shi a lissafi ba shi ne ɗauko kaya da irin ƙasar wurin. Kankare mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ya kai wajen tan 2.4, yawancinsa yashi ne da tsakuwa, idan daga nesa tifa za ta riƙa kawo su kuɗin mota zai iya cinye ribar. Ƙasa kuma idan laka ce mai kumbura da ruwa ta tsuke da rani, fandishon da za ka yi ba irin na ƙasa mai tsauri ba ne, siminti da rodi za su ƙaru sosai. Fili mai araha sau da yawa akwai dalilin arahar, a gwada ƙasar kafin a biya.

Sabon shiga: To yanzu idan akwai gari mai haɓaka kusa da ni, tafiyar da zan iya zuwa in dawo a rana, wannan ya yi?

Dillali: Ka ga ai maganata ce ta dawo.

Tsohon birkila: Ba taka ba ce, kai cewa ka yi ko bai san kowa ba. Ɗana ka fara karɓar kwangilar gina wa wani a can da kuɗinsa, ko gyara ne, ka san masu yashi da kafintoci da ofishin izini, ka ga irin gidan da ake saye da wuri da wanda ke daɗewa da allon sayarwa a jikinsa. In damina ɗaya ta wuce kana wurin, sai ka nemi filin naka.