Yadda za a adana tarihin kaka bayan rasuwarsa

Babbar shawara ga mai son adana tarihin kakansa da ya rasu ita ce a yi hanzari. Abokan tasowar marigayi, ƙannensa mata da mai ɗakinsa su ne ke riƙe da labarinsa, kuma su ma shekaru sun ja. Bayan an tashi daga zaman makoki, a zaɓi jika ɗaya mai haƙuri ya riƙa zama da su ɗaya bayan ɗaya, yana naɗar hirar a waya. Kada zama ya wuce minti 40, domin tsoho na gajiya sai labari ya cakuɗe.

Tambaya ma da dabararta. "Baba, wane irin mutum ne shi?" ba ta jawo komai sai "mutumin kirki ne". A tambayi sana'ar da ya fara, marayun da ya riƙe, yadda yake sasanta 'ya'yansa. Tsofaffi ba su cika riƙe shekara ba, amma suna tuna al'amura: an haifi ɗansa na fari kafin canjin fam zuwa naira a 1973 ne, ko bayan kisan Murtala a 1976? Da haka ake gano lokaci.

Takardun gona, wasiƙun ajami da hotuna a ɗauke su a waya, a rarraba wa dangi. Na asali kada a ƙunshe su a leda, danshin damina na manne hotuna; a sa su a akwatin ƙarfe nesa da gara.

Malamai sun tunatar cewa biyan bashinsa da zartar da wasiyyarsa, wadda ba ta wuce sulusi, suna gaba da rabon gado.